Ƙanƙara a Motar Alhaji Maikano

A ƙarshen shekarar 1998, da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, duk mai babbar riga biyu a Wudil sai da ya ji ƙaiƙayin takara. Alhaji Maikano, dillalin shanu, rigunansa sun fi talatin, saboda haka nasa ƙaiƙayin ya fi na kowa. Kansila yake nema a ƙauyensu can wajen Achika, inda rabonsa da kwana tun rasuwar mahaifinsa. Bai iya magana a gaban jama'a ba in ba cinikin bijimi ake yi ba, amma yana da abin da babu ɗan takarar da ya mallaka, wato mota tafi-da-gidanka.

Daga Kwatano ya sayo ta, 'yar Beljiyam, fara, doguwa, da labule a tagoginta. A ciki akwai gado, akwai teburi, akwai ɗan murhun gas da ba a taɓa kunnawa ba don tsoron gobara. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne famfo. Akwai tankin ruwa ɓoye a ƙarƙashin kujera, ana cika shi ta wata 'yar kafa a gefen motar, in ka danna makunni ka murɗa kan famfo sai ruwa ya zubo. Kan famfon biyu ne, ɗaya a ciki, ɗaya a waje a jikin motar, inda Turawa suke wanke ƙafa ko wanke kare, Allah ne masani. A na wajen nan Alhaji yake alwala ranar kasuwa, ko da kuwa da alwalarsa.

Direban motar Ɗayyabu ne, mutumin Sabon Gari, siriri mai yawan dariya. Shekara goma sha tara yana jan Alhaji, tun Alhaji yana da akori-kura da sai an tura take tashi. Da wannan tuƙin ya yi aure, da shi yake ciyar da 'ya'ya biyar, kuma ba shi da wata sana'a ko ta ɗinke takalmi. Yana son motar nan fiye da yadda mai ita yake son ta. Ya kuma san dokarta, don Alhaji ya faɗa masa tun ranar da aka kawo ta: ba a ɗaukar kaya a cikinta, ko da kazar biki ce. Alhaji ba ya wasa da wannan magana. Direban babbar motarsa ta shanu ya taɓa ɗauko buhun gawayi biyu a hanya, a ranar aka sallame shi, duk da tawagar dattawan da ta zo ba da haƙuri.

To, ana saura kwana goma sha biyu zaɓe, sai Alhaji ya aiki Ɗayyabu ya mayar da wani abokin cinikinsa gida can kudu, bayan Lakwaja, don a karrama shi. Murja matar Ɗayyabu tana jin inda za shi ta tashi tsaye. Ita mai sayar da kayan miya ce a cikin gida, kuma ta daɗe tana jin labarin arahar manja a can. Ta ce masa matan direbobi kowacce ta yi jari da tafiyar mijinta, ita kaɗai ce take auren direban da yake dawowa da ƙura a gashin ido. Ya tuna mata dokar Alhaji. Ta ce ai ba ta ce ya ɗora a kan gadon Alhaji ba, mutum mai wayo kamarsa ba zai rasa dabara ba. Kafin ya tafi ta sayar da tunkiyarta ta damƙa masa kuɗin.

Kalmar nan ta mai wayo ita ta kashe Ɗayyabu. Duk tsawon hanya yana juya ta a ransa. Jarka dai ba ta shiga motar, don ɗigo ɗaya a kan dardumar Alhaji ya isa ya tona asiri, ga kuma masu shingen hanya da ba sa ganin jarka su ƙyale. Yana sauke baƙon nan sai dabara ta faɗo masa, har ya yi dariya shi kaɗai. Ya buɗe magudanar tanki ya zubar da ruwan kaf, ya ari mazurari, ya sa aka ɗura manja ta 'yar kafar nan har sai da tankin ya cika. A zafin kudu manjan ruwa ne tsararo, yana gangarawa ba gardama. Ya goge bakin kafar da tsumma mai fetur don ya kashe ƙanshi. Lissafinsa mai sauƙi ne: in ya iso Wudil ya fara biyawa ta gida, ya sa tiyo ya juye man, ya wanke tankin da omo da ruwan zafi, sannan ya kai wa Alhaji motarsa tas.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne Alhaji da kansa. Ranar Alhamis bayan la'asar, yana sauka daga gadar Wudil, sai ga Alhaji tsaye a bakin titi da magoya baya, suna liƙa fosta. Aka tare shi da murna. Alhaji ya shiga ya zauna, ya ce a wuce gida. Aka sa mota a gareji, aka rufe, Alhaji ya jefa makullin garejin a aljihu, ya ce da Ɗayyabu ya je ya huta, ya sha hanya. Ɗayyabu ya tafi gida a ƙasa, Murja tana tambayarsa ina kaya, yana ce mata kaya suna nan lafiya, gobe.

Gari ya waye da wani irin sanyi da aka kwana biyu ba a yi ba. Masu shayi sun yi ciniki tun asuba, tsofaffi sun kewaye wutar kara, akuyoyi sun lafe a jikin katanga. Ɗayyabu ya fito da hular sanyi, yana wucewa ta tsakar gida ya ga Murja ta ɗora kwalbar manjanta kusa da murhu, man ya daskare ya yi tauri, ko an kifa kwalbar ba ya motsi. Ya tsaya yana kallon kwalbar. Nan take ya tuna man da ke cikin tankin mota.

Ko da ya isa, Alhaji ya riga ya buɗe gareji. Bayan doguwar gaisuwa da tambayar sanyi da iyali, Alhaji ya bayyana masa shirinsa. Gobe Asabar za a yi babban taro a ƙauye. Matsalar mutanen ƙauyen ruwa ce, rijiyarsu gaba ashirin, mata suna shan wuya. Shi kuma ba zai tsaya dogon surutu irin na abokin hamayyarsa ba. Zai tsayar da motarsa a tsakiyar fili, ya murɗa famfo, ya yi alwala a gaban kowa, ya ce musu wanda ya sa famfo a mota ba zai kasa sa shi a ƙauye ba. Yana gama faɗa ya ce bari ya gwada. Ya danna makunni, ya murɗa kan famfon waje.

Injin da ke jan ruwan ya yi gurnani, ya yi nishi, ko ɗigo bai fito ba. Alhaji ya murɗa na ciki, shi ma shiru. Ya tambaya ko babu ruwa ne. Ɗayyabu ya ce tanki cike yake, kuma wannan ita ce gaskiya ta ƙarshe da ya faɗa wa Alhaji a ranar. Alhaji ya ƙwanƙwasa tankin ya ji shi dam. Ya ce to a kira mai gyaran famfo ya kwance bututun a gani.

Ɗayyabu ya leƙa cikin motar. Idonsa ya faɗa kan littafin motar da ke kan teburi, wanda aka rubuta da wani yaren Turawa da ko malaman makaranta sun kasa karantawa. Akwai shafi mai hoton bututu da zanen ƙanƙara, wanda dillalin Kwatano ya taɓa nuna musu yana bayanin sanyin ƙasar Turai. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Alhaji, kada a taɓa bututun nan. Ina jin ruwan ne ya zama ƙanƙara."

"Ƙanƙara? A Wudil?"

"Ai ka ji sanyin yau. Ga shi ma a littafi. In aka kwance shi a haka fashewa zai yi. Ka ba ni ita in kai ta wani fili mai rana, zuwa azahar ta narke."

Dabarar ba ta da laifi. Da an yi sa'a da wani mai motar, da zuwa azahar manja yana gidan Murja. Amma Ɗayyabu, duk da shekara goma sha tara, ya manta wane ne Alhaji Maikano. Alhaji ya ɗauki littafin ya ƙura wa hoton ido. Ya shafa jikin motar ya ji sanyin ƙarfe. A hankali fuskarsa ta washe, bakinsa har kunne. Ya ce shi dama ya san motar nan ba irin ta kowa ba ce. Ya ce wa ya taɓa jin motar da ta yi ƙanƙara a ƙasar Kano in ba tasa ba.

Ya ce babu mai kai ta rana. A bar ta a inuwa, a rufe ƙofar gareji, a lulluɓe ta da tamfol, kada ƙanƙarar ta narke kafin gobe. A gaban jama'ar ƙauye za a narkar da ita. Har ya samu jawabin da ya kwana uku yana nema: zai ce musu haka mulkin soja ya daskarar da ruwansu shekara da shekaru, shi ne zai narkar. Ya dafa kafaɗar Ɗayyabu ya ce Allah ya yi masa albarka, da ba don iliminsa ba da mai gyaran famfo ya yi masa ɓarna.

Ranar kuma Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Alhaji ya shiga kara, kasuwar shanu, ba don ciniki ba. Kafin a ɗaure shanun farko, dillalai da Fulani da mahautan kudu duk sun ji cewa an yi ƙanƙara a motar Maikano. Bayan an sauko daga masallaci mutane suka yi layi a ƙofar gareji. Ana shiga da su uku-uku, a ɗaga gefen tamfol, su taɓa jikin motar su janye hannu suna cewa lallai kam, da sanyi. Wani ya rantse ya ji ƙanƙarar tana ƙara a ciki. Wani ya nemi a ɓantaro masa kaɗan ya kai wa matarsa mai ciki. Ɗayyabu aka sa ya tsaya yana bayani, shi ne masani. Tun yana yi da rawar murya har ya saba, ya fara ƙara gishiri, yana faɗin yadda a Turai mutum kan tofar da yawu ya faɗi ƙasa ya fashe. Gaskiya ita ce ya ji daɗin yadda ake saurarensa, kuma wannan ne abin da daga baya ya fi ba shi kunya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa motar ba, Malam Isyaku, maƙwabcin Alhaji, mai koyar da kimiyya a sakandare. Ya tsaya da hannuwa a baya ya ce shi dai ruwan randarsa bai daskare ba, na butarsa ma haka, kuma a tsakar gida suka kwana. Alhaji ya dube shi da tausayi. Ya ce randa ai a nan bakin kogi aka gina ta, ina ta san ƙanƙara? Bututun motarsa kuwa a can aka haife shi, ya saba, da ya ji sanyi kaɗan sai ya tuna gida. Jama'a suka ce wannan magana haka take. Malam Isyaku ya dubi Ɗayyabu ta saman tabarau, ya ce gobe in Allah ya kai mu zai zo taron, ko don ya ƙaru.

Da yamma, bayan mutane sun watse, Ɗayyabu ya yi niyyar faɗin gaskiya. Wallahi ya yi niyya. Ya samu Alhaji a zaure yana gwada sabuwar shadda fara da aka kawo daga wajen maɗinki, ya durƙusa ya ce yana da magana. Alhaji ya ce ya san maganar, kuma kada ya damu, in aka ci zaɓe shi ma za a ɗinka masa irinta, don shi ba direba ba ne, ɗan'uwa ne. Ɗayyabu ya fasa faɗa. Ya yi godiya ya fito. A gida kuma ya faɗa wa Murja komai. Ta yi salati, sannan ta tambaye shi ko man zai lalace in ya daɗe a tanki.

Ranar Asabar da hantsi aka kama hanya. Ɗayyabu yana tuƙi yana addu'a iri biyu da ba sa haɗuwa: ko man ya ƙi narkewa sam a ce famfo ya lalace, ko taya ta fashe a fasa taron. Ya bi ta kowane rami da ya gani, taya ko gezau. Alhaji yana zaune a baya kan gado, ya baza riga don kada ta yamutse, yana maimaita jawabinsa.

Filin ƙauyen ya cika. Maza a gaba kan tabarmi, mata a gefe ƙarƙashin tsamiya, makaɗa suna ta yi. Labarin ƙanƙara ya riga su isowa. Malam Isyaku ya zo a kan babur ɗinsa, ya samu wuri a sahun farko. Aka tsayar da mota a tsakiyar rana. Alhaji ya sa aka kawo kasko biyu na garwashi aka tura ƙarƙashin motar daidai saitin tanki, aka kuma kawo tukunyar ruwan zafi ana jiƙa tsumma ana naɗa wa bututu. Ɗayyabu aka ba wannan aikin. Yana kwance a ƙasa yana gasa abin da zai tona masa asiri, da hannunsa, kuma yana yi da kyau don idon Alhaji yana kansa.

Alhaji ya karɓi lasifika. Abin mamaki, jawabin ya yi daɗi. Ya yi maganar rijiya gaba ashirin, ya yi maganar bayan iyayensa mata da ya ranƙwafe wajen jan guga, har wasu tsofaffi suka share ido. Ya zo kan ƙanƙara da mulkin soja, fili ya ɗauki tafi. A ƙarƙashin mota kuwa Ɗayyabu ya fara jin ƙanshin da ya sani. Ya fito da rarrafe, ya matso kusa da Alhaji ya ce a raɗa ƙanƙarar ba ta gama narkewa ba, a bari sai wani jiƙon. Alhaji ya ture shi da gwiwar hannu. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a gaban famfon waje, ya yi bismilla da ƙarfi, ya tara hannu biyu, ya ce da Ɗayyabu ya danna makunni.

Ɗayyabu ya danna.

Famfon ya yi tari sau biyu. Ya tofo wani guntun abu ja a tafin hannun Alhaji. Sannan ya ɓalle. Manja mai ɗumi ya yi tsiri, ya cika hannuwan, ya fantsama a ƙirjin farar shaddar, ya gangara har kan takalmi. Makaɗa suka tsaya. Wata mata ta ce jini, wasu suka fara ja da baya. Alhaji ya kasa ko janye hannu, yana tsugune yana kallon abin da ke zuba. Malam Isyaku ya cire tabarau ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa.

Gwaggo Barakatu ce ta raba gardama. Ƙanwar mahaifin Alhaji ce, tsohuwa mai sanda, wadda ta yi masa wanka yana jariri, saboda haka ba ta jin nauyinsa. Ta ratso maza ta zo ta dangwala yatsa ta lasa. Ta sake dangwalawa.

"Manja ne," ta ce. "Mai kyau ma, ba gauraye. Maikano, rufe mana kada ya ƙare a ƙasa. Na rabo ne ka kawo?"

Alhaji ya ɗago kai. Bai dubi Gwaggo ba, Ɗayyabu ya duba. Kallon bai fi na ƙiftawa biyu ba, amma a cikinsa Ɗayyabu ya ga Alhaji ya tuna tafiyar kudu, ya tuna littafi, ya tuna layin mutane a ƙofar gareji. Dillalin shanu dai ba a banza ya yi shekara talatin a kara ba. Ya miƙe, mai yana ɗiga daga gwiwar hannunsa, ya karɓi lasifika.

"Na rabo ne, Gwaggo. Ruwa sai an zaɓe ni. Yau miya na kawo wa iyayena mata. Kowacce ta kawo kwanonta. Ɗayyabu ne zai raba, shi ya san adadinsa."

Guɗa ta tashi. Mata suka bazama gidaje suka dawo da kwanuka da kwalabe da ƙore, wata har da tulu. Makaɗa suka dawo da kiɗa, maroƙi ya fara kirarin mai famfon miya. Maza suna dariya suna cewa Maikano shegen wayo gare shi, ashe duk maganar ƙanƙara wasa yake da hankalin mutanen gari. Alhaji ya yi ta murmushi yana amsa gaisuwa cikin jar riga, kamar da ma haka ya shirya.

Ɗayyabu ya tsuguna a bakin famfo yana murɗawa yana rufewa. Kwano bayan kwano, tunkiyar Murja tana tafiya gidajen mutane. Kowacce ta karɓa sai ta sa wa Alhaji albarka. Gwaggo Barakatu ta zo sau biyu. Bai ji zafin man sosai ba, ko da yake ya san abin da ke jiransa a gida. A ransa har ya fara samun sauƙi. Taro ya yi kyau fiye da yadda aka zata, Alhaji yana dariya, wataƙila asarar man ita ce hukuncin, a wuce wurin.

A hanyar dawowa su biyu ne kawai a motar. Alhaji bai zauna a gado ba, ya zauna a gaba kusa da shi, ya naɗe rigar ya ajiye a ƙafa. Suka wuce gonakin Ɗankaza. Ɗayyabu ya gwada cewa taro ya yi albarka. Alhaji ya ce ya yi. Ɗayyabu ya ce zai wanke tankin yau ɗin nan, da ruwan zafi da omo, ba za a ko ji ƙanshi ba. Alhaji ya ce to. Sai Ɗayyabu ya saki baki ya faɗi komai, tun daga tunkiya har mazurari, yana haɗawa da rantsuwa da ban haƙuri. Alhaji yana kallon titi.

Da suka iso ƙofar gida ana kiran la'asar, Ɗayyabu zai shiga da mota gareji, Alhaji ya ce ya tsaya a nan. Ɗayyabu ya kashe motar.

"Da manja ne kawai, Ɗayyabu, da zagi zan yi maka, gobe ka dawo aiki. In karya dokar saboda kai, ba komai ba ne. Amma jiya ka tsaya a garejin nan kana kallona ina kiran mutane su zo su taɓa ƙanƙara. Na yi wa malamin makaranta gardama a gaban jama'a. Da yamma na ce maka ɗan'uwa, ka ce na gode."

"Tsoro na ji, Alhaji."

"Na sani. Ni ma yau na ji shi, a tsugune."

Ya miƙo hannu, tafin har yanzu ja. Makullin motar a zobe ɗaya yake da na ɗakin Ɗayyabu, shekara da shekaru. Ɗayyabu ya sa farce zai raba su, yatsunsa duk mai, zoben yana sulɓewa. Ya daɗe yana fama. Alhaji bai ce ya yi sauri ba, bai kuma janye hannun ba. Da makullin ya fita ya karɓa, ya ce ya gaida Murja, ya ce mata manjanta ya yi kyau.

Ɗayyabu ya sauka ya kama hanyar Sabon Gari. Bai kai kwana ba ya ji an tayar da motar. Alhaji rabonsa da tuƙi tun zamanin akori-kura. Giya ta yi ƙara mai ciwo, motar ta zabura ta mutu. Aka sake tayarwa, ta sake mutuwa. Ƙofar garejin nan matsattsiya ce, sai an karya kan motar sau biyu take shiga, kuma duk Wudil shi kaɗai ya san daidai inda ake karyawa. Ya tsaya a bakin kwanar, ya juya baya ga gidan, ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, yana jira a kira sunansa.

Ya ji gefen motar ya gogi bango, doguwar ƙara. Ya ƙara jira. Ba a kira shi ba.